Idan Sabon Bugun Manhaja Ya Tsayar Da Ciniki

JOS. Ran 9 ga watan Maris na shekarar 2021 kamfanin Microsoft na Amurka ya aika wa kwamfutocin da ke aiki da Windows 10 gyare-gyaren da ya saba aikawa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Ba a yi kwana biyu ba sai koke-koke suka fara fitowa daga ƙasashe daban-daban, cewa da zarar mutum ya ba da umarnin buga takarda sai allon kwamfutar ya rikiɗe ya koma shuɗi, komai ya tsaya cik. Firintocin da abin ya fi shafa su ne na Kyocera da Ricoh da Zebra. Firintar lafiyarta ƙalau, haka ma kwamfutar. Abin da ya faru shi ne sabon gyaran, mai lamba KB5000802, ya daina jituwa da 'yar manhajar nan da ake kira direba, wadda ke kai saƙo tsakanin kwamfuta da firinta. Sai ran 15 ga watan kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa, shi ma kuma bai rufe ɓarakar duka ba, sai da aka sake fitar da wani bayan kwana uku.

Ga babban kamfani, kwana shida babu buga takarda abin haushi ne kawai. Amma ga mai shagon buga takardu a kan titin Bauci kusa da Jami'ar Jos, ko a kan titin Ahmadu Bello, firinta ita ce jari, ita ce kuma riba. Ɗalibin da ya kawo kundin bincikensa, ko ɗan kwangilar da zai miƙa takardun neman aiki kafin ƙarfe 12, ba zai jira Microsoft ba, shagon gaba zai wuce. Waɗanda suka san kan abin a wancan mako ba su jira ba su ma. Cire sabon gyaran suka yi, suka mai da kwamfutar yadda take ran 8 ga wata, suka hana ta sake jawo shi, suka ci gaba da aiki har gyara na gaskiya ya iso. Wannan dabara ta komawa tsohon bugu ita ce maganin da aka fi dogara da shi a duk duniya idan sabuntawa ta zo da ɓarna, kuma ya kamata ɗan kasuwa ya san yadda ake yin ta da kuma abin da take ci.

Mene Ne Laburare?

Babu wata manhaja ta zamani da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya rubuta tun daga farko har ƙarshe. Mai rubuta manhajar lissafin kaya ta kantin magani, alal misali, ba zai zauna ya ƙirƙiro yadda za a lissafa kwanan wata, ko yadda za a zana rasit, ko yadda za a yi magana da banki ba. Akwai waɗanda suka riga suka rubuta waɗannan, suka ajiye su a intanet domin kowa ya ɗauka, galibi kyauta. Irin waɗannan guntayen manhaja da ake arowa su masana ke kira laburare. A kwamfutocin Windows da yawa daga cikinsu fayiloli ne da sunansu ya ƙare da haruffan DLL.

Duk wanda ya taɓa zuwa Dilimi neman kayan gyaran mota zai gane batun nan take. Bakanike ba ya ƙera fulogi ko bel, saye yake yi ya ɗaura, kuma ya san idan aka kawo na wata shekara dabam, ko da sunan mota ɗaya ne, yana iya ƙin zama. Bambancin kawai shi ne babu wanda zai shiga garejin mutum da dare ya canza wa motarsa fulogi ba da saninsa ba. A harkar kwamfuta kuwa haka ake yi kullum, kuma da yardar mai ita, domin ya bar ta a kan ta riƙa sabunta kanta.

Har ila yau, laburaren da aka aro shi ma ya aro wasu, waɗannan su ma sun aro wasu, ta yadda ƙaramar manhaja tana iya dogara da ɗaruruwan guntaye waɗanda wanda ya rubuta ta bai taɓa jin sunansu ba. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya sami saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani aikinsa, sai ya yi fushi ya janye ayyukansa fiye da 250 daga babbar taskar npm. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad wanda tsawonsa layi 11 ne kacal, aikinsa kuma cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Janye shi ya tsayar da aikin dubban manhajoji na tsawon sa'o'i, har sai da masu taskar suka mai da shi ba tare da izinin mai shi ba.

Lambobi Uku

Misalin da ya fi bayyana yadda ake kewaye matsalar shi ne na watan Janairu na 2022. Akwai wani laburare mai suna colors, wanda a lokacin ake sauke shi fiye da sau miliyan 20 a kowane mako, aikinsa sanya wa rubutu launi. Mawallafinsa, Marak Squires, wanda tun a 2020 ya yi ƙorafin cewa manyan kamfanoni suna cin guminsa ba sa biyansa ko kwabo, da gangan ya fitar da sabon bugu mai lamba 1.4.1 wanda ke sa kwamfuta ta yi ta zubo haruffa marasa ma'ana ba tsayawa. Abin ya shafi har wata manhajar kamfanin Amazon.

Yaya aka yi gurɓataccen bugu ya shiga wurare masu yawa haka cikin dare ɗaya? Amsar tana cikin lambobin nan uku. Bisa al'adar masu wannan sana'a, lambar farko tana nufin babban canji wanda zai iya karya abin da aka gina a kai, ta biyu ƙari ne wanda bai kamata ya taɓa komai ba, ta uku kuwa ɗan gyara ne. Saboda haka yawancin manhajoji an rubuta su ne a kan su karɓi duk sabon bugun da lambarsa ta farko ba ta canza ba, ba tare da tambaya ba. Daga 1.4.0 zuwa 1.4.1 a ido ɗan gyara ne, shi ya sa ƙofa ta buɗe masa ko'ina. Wannan al'ada kuwa alkawari ne na fatar baki, babu wata hukuma da ke tilasta ta.

Maganin da aka yi amfani da shi bai wuce layi ɗaya ba. Kowace manhaja tana da wani fayil da ke jera laburaren da take buƙata. Sai aka shiga aka rubuta cewa 1.4.0 ake so, shi kaɗai, kada a karɓi wani. Wannan shi ne ɗaure manhaja a kan bugu ɗaya, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Haka aka sake yi a watan Yuni na 2024 lokacin da laburaren lissafi na NumPy ya fitar da bugu na 2.0, wanda ya ƙi jituwa da manhajojin da aka gina a kan na baya: masu aiki da shi suka rubuta cewa a tsaya a duk bugun da bai kai 2 ba, har sauran su kamo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Abin Da Mai Shago Zai Iya Yi

Mai kanti ko mai otal a Jos ba zai buɗe fayilolin manhaja da kansa ba, amma hikimar ɗaya ce a kan teburinsa. Tambayar farko idan kwamfuta ta fara gardama da safe alhali jiya lafiya aka rufe ita ce: me ya canza? Windows yana ajiye tarihin duk abin da ya sabunta da ranar da ya yi, kuma daga nan ana iya cire na baya-bayan nan. Idan direban firinta ne ko na allo, akwai wurin da ake mai da shi tsohon bugunsa. Idan kuma babban sauyi ne na Windows ɗin gaba ɗaya, mutum yana da kwana 10 da zai iya komawa na baya kafin kwamfutar ta share tsohon. Bayan an cire, wajibi ne a dakatar da sabuntawa, in ba haka ba da dare za ta sake jawo abin da aka cire. Windows yana ba da damar dakatarwa har kwana 35.

Abin takaici shi ne masu gyara da yawa ba sa yin wannan tambaya. Da an kai musu kwamfuta sai su ce sai an yi fomatin, wato a share komai a sake zuba sabo, aikin da ke cin yini guda, wani lokaci ya tafi da lissafin bashin shekara, kuma daga ƙarshe kwamfutar ta hau intanet ta sake sauke gurɓataccen gyaran da ya jawo matsalar tun farko. Wasu kuma idan allo ya nuna cewa wani fayil na DLL ya ɓata, sai su shiga intanet su ɗebo mai irin sunan daga duk shafin da suka fara gani. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin ta irin waɗannan shafuka ɓarayin bayanai suke shigo da hajarsu. Hanya mai tsabta ita ce a sake ɗora manhajar da ta zo da fayil ɗin daga wurin masu ita.

Akwai kuma batun wuta. Sabuntawar da aka ɗauke wa wuta a tsakiya tana iya barin kwamfuta rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta ƙi tashi sam, ko da gyaran da aka aiko ba shi da aibi. Wanda ba shi da na'urar UPS ko batirin sola gara ya sanya lokacin sabuntawa da kansa, a ranar da babu ciniki kuma janareta na aiki, da ya bar wa na'ura ta zaɓa masa.

Minti 78

Ran Juma'a 19 ga Yuli, 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil na sabuntawa. Manhajar ta sa ran samun bayanai 21, sai ta tarar da 20, ta miƙa hannu inda babu komai, kuma da yake tana zaune ne a can cikin zuciyar Windows, sai ta faɗi da kwamfutar gaba ɗaya. Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, wato bayan minti 78. A ɗan wannan lokaci, bisa ƙididdigar Microsoft, kwamfutoci miliyan 8.5 sun mutu a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin. Kwamfutar da take a kashe a tsakanin waɗannan mintuna ba abin da ya same ta, abin da zai ba mai kashe komai da dare saboda tsadar man janareta dariya.

Maganin a takarda mai sauƙi ne: a tashi kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode, wanda ba ya ɗora komai sai abin da ya zama dole, a nemi fayil mai farawa da C-00000291 a share shi, a sake kunnawa. Wahalar ita ce kwamfutar da ta mutu ba ta hawa intanet balle a gyara ta daga nesa, dole sai ma'aikaci ya je gabanta, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda kuma aka kulle wa ma'ajiyar bayanai da BitLocker sai da aka nemo mabuɗinsu mai lambobi 48, a wasu kamfanonin kuwa an ajiye mabuɗan ne a wata kwamfutar da ita ma ta mutu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kimanin 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, ya kuma kai ƙara kotu a watan Oktoba na wannan shekara. Lauyoyin CrowdStrike sun amsa cewa yarjejeniyar da ke tsakaninsu ta taƙaita diyyar da za a iya nema zuwa abin da bai kai dala miliyan 10 ba.

A nan ne batun tattalin arziki yake. Wanda ya aiko da sabuntawa ba shi ke ɗaukar asarar ba idan ta ɓaci, mai amfani da ita ne. Dogon rubutun da ake danna wa amincewa ba tare da an karanta ba yawanci abin da yake faɗa ke nan, lasisin laburaren kyauta kuwa ƙarara yake cewa an ba da shi ne yadda yake, babu lamuni ko kaɗan. Ba kuma za a ga laifinsu sosai ba, domin yawancinsu 'yan sa-kai ne. Laburaren kyauta kamar rijiyar unguwa ce, kowa na ɗiba, amma ranar yasa sai a nemi mutane a rasa. Tun da asarar a kan ɗan kasuwa za ta faɗa, shi ne ya kamata ya riƙe ikon cewa yaushe sabon bugu zai shiga shagonsa. Babban gyaran da CrowdStrike ya yi alkawari bayan haɗarin shi ne daina aika wa kowa lokaci ɗaya, a fara da kaɗan a gani. Mai shago da kwamfuta shida yana iya yin haka ba tare da kashe ko sisi ba: ya bar guda ɗaya, wadda ba ita ke riƙe da lissafi ba, ta fara karɓa, a buga takarda da ita, a fitar da rasit, idan ta yi kwana uku ko huɗu lafiya sai sauran su biyo.

Bashi Ne, Ba Kyauta Ba

To sai dai kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin wanda ya ji zafin sabuntawa sau ɗaya yakan rufe ƙofar gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi na farko haɗari. Galibin gyare-gyaren da ake aikowa toshe ramukan da aka gano ne, kuma daga ranar da aka sanar da rami, duk ɓarawon duniya ya san inda yake. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyara ga Apache Struts, wani ginshiƙin manhaja da kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye tarihin bashin jama'a, yake aiki da shi. Kamfanin bai ɗora ba. A watan Mayu ɓarayi suka shiga ta wannan ramin suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147, a 2019 kuma kamfanin ya amince da biyan abin da zai iya kaiwa dala miliyan 700. A wannan watan na Mayu ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta wata biyu kafin nan. A Disamba 2021 kuma da aka gano rami a laburaren Log4j, wanda ke cikin dubban manhajojin bankuna da gwamnatoci, sai da aka fitar da gyara huɗu a jere cikin wata ɗaya, kuma babu mai hankalin da ya ce zai zauna a tsohon bugu ya jira ƙura ta lafa.

Saboda haka komawa tsohon bugu rance ne da aka ci daga gobe, kuma ruwansa yana hawa kullum. Duk wanda ya cire gyara ko ya ɗaure manhaja a turke ya kamata ya rubuta a littafi abin da ya cire, da dalili, da ranar da zai sake dubawa. A Nijeriya batun ya wuce na ganin dama. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai ajiye bayanan mutane, ko makaranta ce ko asibiti ko otal, alhakin tsare su, da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan an yi kutse mai haɗari, ta kuma tanadi tarar da ga ƙananan masu harka za ta iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Akwai wani rukuni da wannan lissafi ya fi matsa wa. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke cike da shaguna ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka masu su sun zama mazauna tsohon bugu ba da zaɓinsu ba. Irin wannan kwamfuta tana iya ci gaba da buga takardu shekara da shekaru, amma bai kamata a riƙa shiga asusun banki da ita ba, ko a ajiye bayanan abokan ciniki a cikinta tana haɗe da intanet.

Rumbu

Komawa tsohon bugu yana yiwuwa ne kawai idan tsohon bugun yana hannu. Kamfanoni sukan cire tsofaffin direbobi daga shafukansu, kuma ranar da aka fi buƙatarsu ita ce ranar da kwamfutar ba ta hawa intanet. Jos tana da tarihi a wannan fage. A ƙarshen shekarun 1990 wani malami daga Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya zo koyarwa a Jami'ar Jos, ya ga yadda rashin layin intanet mai ƙarfi yake hana malamai da ɗalibai samun abin karatu. Daga wannan gogewa ce aka ƙirƙiro shirin eGranary a farkon shekarun 2000, inda ake kwafe ɗimbin littattafai da shafuka a zuba su cikin ma'ajiya ɗaya a ajiye a harabar makaranta, a yi ta karantawa ko babu intanet. Ma'anar sunan ita ce rumbu, kuma daga baya an kai shi makarantu da asibitoci a ƙasashe masu yawa.

Rumbun mai shago bai wuce filashi biyu ba: ɗaya mai ɗauke da direbobin firinta da manhajojin da aka tabbatar suna aiki, kowanne da lambar bugunsa, ɗaya kuma mai kwafin lissafin ciniki, wanda ake sabuntawa kowane mako kuma ba ya kwana a shago. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma tiransifa da POS har a kasuwar Farin Gada, kwafin lissafin ya zama daidai da littafin bashi na da.

Ga wanda kuma ya ba wani matashi kwangilar rubuta masa manhajar kanti ko ta makaranta, kuma masu wannan sana'a sun yawaita a Jos tun bayan buɗe cibiyoyi irin su nHub, akwai abubuwan da ya kamata su shiga takardar yarjejeniya kafin a biya kuɗin ƙarshe. A ba shi jerin laburaren da aka yi amfani da su da lambar bugun kowanne. A nuna masa a aikace cewa ana iya mai da manhajar bugun jiya cikin sa'a guda. A rubuta wanda zai riƙa duba gyare-gyaren tsaro, sau nawa a shekara, da nawa za a biya shi. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin ɗan kasuwa da mai manhaja a kan wannan na ƙarshe take tashi, domin mai saye yana ganin ya biya sau ɗaya ya gama, shi kuwa mai rubutawa ya san kayan da ya aro za su ci gaba da canzawa ko ya so ko bai so ba. Kuɗin kula da manhaja na shekara-shekara gara a sa shi a kasafi tun farko, a layi ɗaya da sabis ɗin janareta da kuɗin haya.